Tsohon Kunkuru Ba Juji Ba Ne

A wasu gidaje na Kafanchan da ƙauyukan kewaye kamar Madakiya akan tarar da ƙaton kunkuru a tsakar gida, wanda sau da yawa ya girmi matar gidan. In aka tambayi abin da yake ci, amsar ɗaya ce: kome aka ba shi. Watau sauran tuwo, ƙanzon shinkafa, ɓawon doya, har da ƙashin kifi. Wannan ba kiwo ba ne, kisan mummuƙe ne, sai dai don kunkuru ba ya kuka, kuma yakan yi shekaru kafin cutar ta bayyana.

Ƙaton kunkurun nan mai ruwan ƙasa ba ɗan Kudancin Kaduna ba ne. Asalinsa bakin hamada ne, daga Sanagal zuwa Nijar da Chadi da Sudan, inda yake kiwon busasshiyar ciyawa, ya haƙa rami mai zurfi ya ɓuya in rana ta yi zafi. Duk duniya, in aka cire na tsibiran Galapagos da Aldabra, babu wanda ya kai shi girma. Cikinsa na ciyawa ne kamar na jaki. To, dabbar da aka halitta haka, a ɗora ta kan tuwo da miyar manja da gishiri, me ake tsammani? Ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu ko ya yi laushi, ƙoda ta gaji, tsakuwa ta taru a mafitsara. Ranar da ya mutu sai a ce tsufa ne, ko kuwa a ce wani ya yi wa gidan jifa ya tare.

Akwai kuma maganar ruwa. Madakiya, inda ruwan Matsirga yake zubowa daga kan dutse, ƙasa ce mai damina mai tsawo, daga Afrilu har Oktoba. Kunkurun hamada da ya kwana wata shida a kan jiƙaƙƙen daɓe zai kamu da mura, a ga kumfa a hancinsa, ƙasan ƙoƙonsa ya soma ruɓewa. Ɗan ɗaki mai rufi da busasshen yashi ya ishe shi, tare da wurin shan hantsi, domin rana ce ke taimakonsa ya ƙarfafa ƙashi. Amma kada a ce tun da ɗan hamada ne ba ya shan ruwa. Yana sha.

Ƙaramin kunkurun da yara ke tsinta a gonakin citta dabam yake. Shi bayansa yana da gaɓa da yake rufewa, yana son laima, yana cin katantanwa da tana da naman kaza. Ciyar da su biyun abinci ɗaya kuskure ne. Wannan ƙaramin ma an fi yi masa adalci in an bar shi inda aka gan shi.

Masu cewa kunkuru ba ya bukatar kulawa sukan kawo misalin Alagba na fadar Soun na Ogbomosho, wanda ya mutu a watan Oktoba na 2019, aka ce yana da shekara 344. Masana sun yi shakkar wannan lissafi, amma abin lura shi ne fadar ta ware masa ma'aikata masu kula da shi. Haka Jonathan na tsibirin St. Helena, wanda aka kai can a 1882 yana babba. Da ya makance, ya daina jin ƙanshi, bakinsa ya dakushe, sai ya rame. Likitan dabbobi na tsibirin ya shiga ba shi kabeji da karas da kokwamba da hannu kowane mako, bakin ya sake yin kaifi, jiki ya dawo. Tsawon rai bai hana shi bukatar mai jinya ba.

Abincin da ya dace bai kai kuɗin tuwon da ake zuba masa ba. Ciyawa ɗanya da busasshiya ita ce kan gaba, sai ganyen kabewa da na kuɓewa, da ɗan garin ɓawon ƙwai a barbaɗa. Mangwaro da ayaba sai jefi-jefi. Wanda ya tsufa har ba ya iya tsinke ciyawa, a yanka masa ƙanana. A riƙa duba hammatarsa saboda kaska, a kuma daina huda gefen ƙoƙonsa ana ɗaura igiya, domin ƙashi ne mai rai, yana jin zafi.

Tun shekarar 2000 aka hana fitar da irin wannan kunkuru da aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don ciniki, saboda yana ƙarewa a mazauninsa. Saboda haka bai kamata a sayo sabo ba. Wanda ya riga ya gada kuwa, in ya ga ya ƙi cin abinci mako guda ko idonsa ya kumbura, ya nemi likitan dabbobi. Ya kamata ma'aikatan dabbobi na ƙananan hukumomin Jama'a da Zangon Kataf su san cutar kunkuru kamar yadda suka san ta akuya da alade, ga kuma Vom nan kusa, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924.