Tsimin Baƙin Mai Shi Ke Kashe Tsohuwar Mota

Sanin kowa ne cewa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ma'aikacin gwamnati mai tsohuwar mota a Kazaure ko Ɓaɓura ya shiga neman inda zai rage kashe kuɗi. Abin takaici, wurin da mutane da yawa suka zaɓa su yi tsimi shi ne juyen baƙin mai, alhali kuwa nan ne tsimi ya fi jawo hasara. Shaidar haka tana nan a sarƙar taimin, wadda kanikawa ke kira cen.

Aikin wannan sarƙa shi ne haɗa karanshaf da kamshaf, domin bawul ya buɗe ya rufe daidai da hawa da saukar fistin. Duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf juyi ɗaya yake yi. Idan sarƙar ta tsallake haƙori, wannan lissafi ya rushe, mota ta rasa ƙarfi ko ta ƙi tashi. A injuna da yawa ma fistin kan doki bawul ya lanƙwasa shi, sai an sauke kan inji.

Ba kowace mota ke da sarƙa ba. Golf 3 ta haya yawancinta bel gare ta, wanda ake sakewa bisa wa'adi. Amma Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Camry mai silinda huɗu ta 2002, da Accord mai silinda huɗu ta 2003, duk sarƙa gare su. Cikin mai take iyo, kuma abin da ke ɗame ta, wato tenshina, da matsin mai yake aiki. Saboda haka idan mai ya yi ƙasa ko ya zama kwata, ƙusoshin sarƙar su cinye, ta ƙara tsawo, ta yi sako-sako.

Ƙasar nan kuwa ba ta yi wa mai sauƙi. Ƙurar hunturu a hanyoyin ƙauyukan Roni da Gwiwa, da zafin bazara da kan wuce awo 40, suna tsufar da shi da wuri. Shi ya sa ya dace a yi juye, tare da sake filta, a kan kilomita 5,000. Tsakanin Kazaure da Kano kimanin kilomita 80 ne. Ke nan direban da ke zuwa ya dawo sau ɗaya kullum, cikin wata guda ya cika wa'adinsa.

Ita sarƙa ba ta kashe inji ba tare da gargaɗi ba. Alamar farko ita ce ƙarar kacau-kacau daga gefen da sarƙar take, da sassafe, idan aka tayar da inji yana sanyi, wadda kan ɗauke bayan ɗan lokaci da mai ya hau. Wannan dabam take da ƙyas-ƙyas ɗin tafet daga saman inji, dabam kuma da bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda kan nuna metal ya cinye. Mai mota ya fara zare sandar awon mai ya duba. In jar fitilar mai tana jinkirin mutuwa, a auna matsin mai. In an ga ɓurɓushin ƙarfe ko na roba a man da aka juye, magana ta ƙare. Motocin zamani kuma na'urar bincike kan nuna lamba P0016 idan juyin ya saɓa.

Wasu za su ce albashi bai kai ba, man kwalba na bakin hanya shi ne daidai talaka. Uzurin abin saurare ne, amma araha ba ta ado. Man da ba a san asalinsa ba, kuɗin da ya rage wa mutum ba zai kai na sarƙa da bawul a kasuwar Ƙofar Ruwa ba, balle kwanakin da motar za ta yi a gareji.

Akwai laifin wasu kanikawa ma, masu zuba mai kauri don ƙarar ta lafa. Wannan rufa ido ne kawai. Mai lamba 20W-50 ya dace da 504, amma injin da aka ƙera don 5W-30 kaurin mai na jinkirta isarsa ga tenshina da safe. Gyaran gaskiya shi ne a sake sarƙa da tenshina da robobin da take bi a kai gaba ɗaya, a kuma duba haƙoran. Mai sayen tsohuwar mota kuwa kada ya yarda a tarye shi da inji mai ɗumi.

Kamata ya yi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ta haɗa kai da ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa, a shirya gajerun darussa da Hausa, hukumar SON kuma ta matsa wa masu jabun mai. Amma kafin nan, alhakin yana wuyan mai mota: ya rubuta kilomitar juye a ɗan littafi, ya duba mai kowane mako. Rigakafi dai ya fi magani.