Murar da Ba Ta Jin Kafso

Maigida, ka lura da wannan. In hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko lokacin sussukar gero, sai ka ga wani a gidanka yana ta atishawa, hanci na zubar da ruwa, ido na ƙaiƙayi, amma ba zazzaɓi. Wannan ba murar da ake ɗauka ba ce, ƙura ce jikinsa ba ya so. Sayen kafso a kasuwa ɓarnar kuɗi ce kurum.

A ganinmu, maganin feshi na sitiroyid, irin su beclometasone, shi ya fi. Yana sace kumburin cikin hanci, kaɗan ƙwarai ke shiga jini. Amma fa sai da haƙuri. A fesa kullum, don amfaninsa ba ya cika sai wajen mako 2. A karkata bakin kwalbar wajen kunne, gudun haɓo.

Akwai wani mai buɗe hanci nan take. Wannan kada a wuce kwana 5 da shi, toshewar za ta ƙaru.

Yaro kuwa, kada a fesa masa sai likita ya duba shi a asibitin Tsafe, Bungudu ko Gusau. Lafiya uwar jiki.