Zauren Masu Sana'a: A Duba Bakin Haƙa Kafin A Biya

Da rani ya kama, masu haƙa rijiyar burtsatse kan cika lungunan Goudji, mu kuwa ciniki kawai muke yi, ba ma duba ƙarfen da zai shiga ƙasa.

Ƙasar Injamena yashi ce da laka, shi ya sa wasu ke cewa tsohon bakin haƙa ma ya wadatar. To amma yashi yana cin ƙarfe ta gefe. Bakin da faɗinsa ya ragu matsattsen rami yake yi. Idan aka zura bututu, sai a rasa gurbin zuba tsakuwar da ke tace ruwa. Bayan 'yan watanni famfo ya fara kawo yashi, kuɗin maigida sun salwanta.

Masu haƙar man fetur, irin na Doba da ya fara fita a 2003, suna ba haƙoran kowane baki lamba: 0 sabo ne, 8 ya cinye ƙurmus. Mu ma muna iya namu gwargwado. A wanke bakin tukuna. A duba haƙora, ko sun dakushe ko sun karye. A auna faɗinsa a kwatanta da sabo. A leƙa kafofin ruwa, kada laka ta toshe su.

Mai haƙa na kirki ba ya jin haushin wannan. Araha dai ba ta ado.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.