Tikitin Ƙuri'a Ba Baiko Ba Ne



Wata shawara ta taso a zumuntarmu nan Mabai, kuma mun ji 'yan'uwa a wajen Faskari da Sabuwa ma suna tattauna irinta. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasanmu tana bukatar riguna, takalma, ƙwallo da kuɗin mota idan za a je wasa Kankara ko Malumfashi. Sai aka ce a riƙa buga tikiti kowane wata, a sayar da shi naira 500. Ranar Lahadin ƙarshen wata a zuba lambobin a ƙwarya, a kira yaro ya ɗauko ɗaya. Wanda lambarsa ta fito ya tafi da wayar hannu ko buhun taki, sauran kuɗin kuma ya shiga asusun ƙungiya.

Waɗanda suka kawo shawarar ba su nufi mugunta ba. Sun gaji da ganin 'yan wasanmu suna karo-karon takalma, sun kuma san cewa filin ƙwallo ya raba samari da yawa da zaman banza da shaye-shaye. Sun ce a ƙasashe irin su Kanada ƙananan ƙungiyoyin wasa suna yin haka, rabin kuɗin na wanda ya ci, rabi na ƙungiya. Gaskiya ne, ana yi, da izinin hukuma. Duk da haka muna roƙonku mu bar wannan hanya, ga kuma dalilanmu.

Mu fara da lissafi. A ce an sayar da tikiti 200, an tara naira 100,000. Kyautar ta ci 40,000, buga tikiti ya ci 5,000, ƙungiya ta tsira da 55,000. Da mutanen nan 200 kowa ya ba da naira 300 kawai, da an sami 60,000, kowa kuma ya koma gida da 200 a aljihunsa. Ashe ƙuri'ar ba ta ƙaro kuɗi daga ko'ina ba. Daga aljihun jama'a ɗaya ta kwaso, ta danƙa wa mutum ɗaya kaso mai tsoka, ta bar 199 suna cewa sai wata mai zuwa.

Wannan "sai wata mai zuwa" shi ne ya fi damunmu. Abin da aka yi sau ɗaya wasa ne, abin da ake yi kowane wata kuwa tarbiyya ce. Sau goma sha biyu a shekara za mu riƙa koya wa yaro ɗan shekara goma sha biyar cewa ana miƙa kuɗi a majami'a da fatan a ci riba. Yaron nan yana da waya, ko abokinsa yana da ita, tallar cacar ƙwallo irin su Bet9ja kuwa tana nan tana jiransa. Ranar da muka tsaya a bagade muka ce ya guji caca, zai tambaye mu bambancinta da abin da muke yi bayan sujada. Me za mu ce masa?

Mu kuma tambayi kanmu wane ne zai fi sayen tikitin. Mai shago ko ma'aikaci zai sayi ɗaya don kunya. Wanda zai sayi biyar shi ne wanda bai da kuɗin taki, yana ganin wannan ce kaɗai hanyar da buhu zai shigo gidansa. Mun san halin da yankinmu yake ciki. Tun kafin a kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara a Disambar 2020, 'yan bindiga sun riga sun hana mutane da yawa noman gonakinsu na nesa. Akwai gidajen da suka sayar da hatsi da shanun huɗa suka biya kuɗin fansa. Ba daidai ba ne ikkilisiya ta sayar wa irin waɗannan mutane da tsammani.

Wani zai ce ai akwai ƙuri'a a Littafi Mai Tsarki. Akwai. Da ƙuri'a aka raba wa kabilun Isra'ila ƙasa a zamanin Joshuwa, da ita kuma aka zaɓi Matiyas a madadin Yahuza a Ayyukan Manzanni sura 1. Amma a wuraren nan babu wanda ya biya kuɗin shiga, babu wanda ya ci abin ɗan'uwansa. Nufin Allah suke nema. Ƙuri'ar da aka jefa don wani ya mallaki kaya ita ce ta sojoji a gindin gicciye, a kan rigar Ubangijinmu, kamar yadda Yohanna sura 19 ta nuna mana.

Akwai kuma shaidarmu. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya da su, sun san caca haram ce, kuma ba za su tsaya bambance tikitinmu da na gidan caca ba. Ta fuskar doka ma, a Nuwambar 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne, jiharmu ta Katsina kuwa tana bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Don naira 55,000 ba za mu jawo wa sunan Almasihu zargi a gari ba.

To, sai 'yan wasanmu su ci gaba da buga ƙwallo ba takalmi? A'a. Manzo Bulus ya bar mana tsarin tara kuɗi akai-akai. A 1 Korintiyawa sura 16, lokacin da ake tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, ya umarci kowa ya riƙa keɓe wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa. A 2 Korintiyawa sura 8 ya yaba wa ikkilisiyoyin Makidoniya, waɗanda suka bayar hannu sake alhali suna cikin tsananin talauci. Ya kuma haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa amintattu, don kada kowa ya sami abin zargi game da kuɗin.

Ga abin da muke ba da shawara. Kowane ɗan zumunta ya yi alkawarin abin da zai iya duk wata, ko naira 100 ce, a rubuta a littafi. Da kaka, kowane gida ya kawo tiya ɗaya ta masara ko waken soya, a adana zuwa bazara lokacin da farashi ya tashi. A nemi dattawa su ba da aron fili kusa da gari, matasa su yi gayya su noma. A tuntuɓi 'ya'yanmu da ke Kaduna, Abuja da Legas, a faɗa musu ainihin abin da za a saya da kuɗinsa. Mutum biyu su riƙa ƙirga kuɗi tare, a karanta lissafi a gaban zumunta kowane wata. Iyayenmu na Zumuntar Mata sun daɗe suna ɗinka anko da sayen kayan kiɗa ta irin wannan hanya, mu je mu koya a wurinsu.

Wannan hanya ta fi jinkiri, babu kuma ihun da ake yi idan lamba ta fito. Amma ranar da 'yan wasanmu suka shiga fili da sababbin riguna, gwauruwar da ta ba da naira 100 za ta dube su ta san da hannunta a ciki, ba tare da jin cewa an cinye ta ba.

A taronmu na gaba, kowa ya zo da adadin da ya yi addu'a a kai. Ubangiji ya ba mu zuciyar bayarwa da murna, ya kuma kawo wa ƙasarmu salama. Amin.