Maɗin Rake: Kada a Bar Jaki a Doki Taiki

Duk inda aka kafa masana'antar sukari, akwai wani abu baƙi mai kauri da yake saura bayan an gama aiki. Shi ne maɗin rake, wanda ma'aikatan noma da kiwo suke kira melas. Ana matse rake, a dafa ruwansa har ya yi kauri, ƙwayoyin sukari su fito, inji ya ware su. Abin da ya ƙi daskarewa shi ne maɗin. Kilo 100 na rake yakan ba da sukari kamar kilo 10, da maɗi kilo 3 zuwa 4. Kusan rabin nauyin wannan maɗi sukari ne wanda inji ya kasa cirewa.

Saboda wannan zaƙi da ya saura, mutum uku ne suke neman sa. Akwai makiyayi, wanda yake son ƙara wa shanunsa ƙarfi da rani. Akwai masana'antar da take yin alkol na asibiti da yis na burodi. Akwai kuma mai dafa barasa a bayan gari, wanda ya san tan ɗaya na maɗi yana iya ba da lita 220 zuwa 250 na tsantsar barasa. Shi wannan na uku, arahar maɗi ita ce jarinsa.

Addinin Musulunci ya hana shan giya, mafi yawan masu karanta wannan shafi kuma ba ruwansu da ita. Amma maganar maɗi ta shafi asibiti, ta shafi duwan, ta shafi garke. Idan mutane suka mutu bayan sun sha barasar gida, abin da hukumomi suka fi saurin yi shi ne hana sayar da maɗi. Wannan hukunci yana da daɗin faɗi a rediyo. Tarihi kuwa ya nuna ba ya hana mutuwa, sai dai ya cuci wanda bai ji ba bai gani ba.

Abin da tarihi ya nuna

Neman maɗi mai araha tsohon zance ne. A ƙarni na 18, masu dafa barasar da ake kira rum a arewacin Amurka, lokacin suna ƙarƙashin mulkin Ingila, suna sayen maɗi daga tsibiran da Faransa take mulki, domin ya fi na tsibiran Ingila araha. Da wannan barasa ce ake sayen bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. A shekarar 1733 majalisar Ingila ta ɗora harajin sisi a kan kowane galan na maɗin da ya fito daga ƙasar da ba tata ba. Masu dafa barasa ba su daina ba. Fasa-ƙwauri ya bunƙasa, ma'aikatan duwan suka koyi karɓar toshiya. A 1764 aka rage harajin ya koma rabi, aka tsananta karɓar sa, wannan kuwa yana cikin abubuwan da suka fusata mutanen ƙasar har suka ɓalle daga Ingila a 1776. Harajin bai hana dafa barasa ba, hanyar da maɗin yake bi kawai ya sauya.

Misalin ƙasar Kenya

A yammacin Kenya ake noman rake da yawa, a nan ne aka kafa masana'antun Muhoroni, Chemelil, Mumias da Nzoia. A ƙasar kuma akwai barasar talaka da ake kira canga, wadda ake yi da gero ko masara ko dawa, a haɗa da maɗi ko mazarƙwaila. A shekarar 1980, zamanin shugaba Daniel arap Moi, aka yi dokar hana ta. Dokar ta yi shekara 30 tana aiki, canga kuwa ba ta ɓace ba. Ta koma bakin rafi da cikin unguwannin marasa galihu, inda babu mai duba abin da aka zuba a cikinta.

A watan Nuwamba na 2000, fiye da mutum 130 suka mutu a Nairobi da kewayenta bayan sun sha wata barasa da ake kira kumi-kumi, wato goma-goma, saboda sulai goma ake sayar da kofi. Ɗaruruwa sun kwanta asibiti, wasu sun makance. A 2010 majalisa ta soke tsohuwar doka, ta yarda a yi canga bisa takardar izini, a zuba ta cikin kwalba. Amma kuɗin izini da sharuɗɗan sun fi ƙarfin yawancin matan da suke wannan sana'a, suka ci gaba a ɓoye. A watan Mayu na 2014, fiye da mutum 70 suka sake mutuwa a yankuna da dama.

An hana, an mutu. An halatta, an mutu. Ke nan akwai wani abu da dokokin biyu suka tsallake.

Ina dafin yake?

Abin da ya kashe waɗannan mutane sunansa metanol. Wani irin alkol ne da ake amfani da shi a masana'antu, wajen yin fenti da abin narkar da shi da makamashi. Ga ido da hanci bai da bambanci da barasar sha. Idan ya shiga jiki, hanta takan mayar da shi wani ruwa mai dafi wanda yake cin jijiyar ido, ya gurɓata jini. Lita ɗaya in an raba ta kashi 100, kashi ɗaya yana iya makantar da mutum, kashi uku suna iya kashe shi. Mugun abin shi ne ciwon ba ya bayyana nan take. Mutum yakan wuni ko ya kwana lafiya lau, sa'an nan ciwon kai da amai da dishi-dishin ido su taso, lokacin dafi ya riga ya yi nisa.

Maɗin rake in ya yi tsami, metanol ɗin da yake fitarwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai ya kashe unguwa guda a dare ɗaya ba. Inda duk aka ga mutuwa ta zo da yawa haka, hannun mutum ne ya zuba dafin. Dalili kuwa kuɗi ne. Metanol yana da araha, ba a ɗora masa harajin da ake ɗora wa barasa. Dillalin da yake son tano ɗaya ya zama biyu sai ya ƙara ruwa, ya ƙara metanol domin ƙarfin ya dawo. Mai saye yana murna ya samu araha, garin neman ƙiba ya samo rama.

Abin da ya faru a kudancin Nijeriya a 2015 ya ƙara tabbatar da haka. A jihar Ondo cikin watan Afrilu, da jihar Ribas cikin watan Yuni, gommai sun mutu bayan sun sha ogogoro. Ita ogogoro da bammi aka saba yin ta, amma da aka bincika, metanol aka samu.

A jihar Asam ta ƙasar Indiya, cikin watan Fabrairu na 2019, fiye da mutum 150 suka mutu, yawancinsu leburorin gonakin shayi. Gwamnatin jihar ta hana sayar da maɗin da ake dafa barasar da shi, wanda kuma shi ne ake ba shanu. A cikin watan nan ɗaya, kusan mutum 100 suka mutu a jihohin Utar Faradesh da Utarakan, alhali Utar Faradesh tana da dokar tsare maɗi tun 1964. Tsaron maɗi shi kaɗai bai tsare ran kowa ba.

Wa hani yake cuta?

Mai dafa barasa yana da hanyoyi da yawa. In babu maɗi, akwai mazarƙwaila, akwai sukarin kanti, akwai hatsi. Ga shi kuma maɗin ya riga ya soma tsada da kansa, tun da masana'antun sukari suka gane amfaninsa suka shiga dafa shi a gida. Kenana ta ƙasar Sudan ta buɗe wurin yin alkol a 2009, Mumias ta Kenya ta buɗe nata a 2012. Duk lokacin da kayan haɗi suka yi tsada, talakan da yake sha ba ya iya ƙara kuɗi. Mai sayarwa dole ya nemi inda zai rage, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ta metanol. Ta haka hanin da aka yi domin ceton rai yake iya tura mutane wajen abin da yake kisa. In kuma hatsi aka koma, abincin iyali ne ya tafi cikin tano.

Makiyayi shi ne bai da wata hanya. Da rani, ciyawa ta bushe, kara da tattaka ba su da wani ƙarfi, saniya tana ci tana ramewa. Tun cikin shekarun 1980, hukumar FAO ta yaɗa dabarar yin dutsen lasa na maɗi: a haɗa maɗi da dussa da gishiri da ɗan takin ure, a ɗaure da ɗan siminti ko farar ƙasa, a bushe. Maɗin yana ba da ƙarfi da ɗanɗano, ure kuma yana taimakon tumbin dabba ya narkar da busasshen abinci. Shanu da tumaki da awaki da raƙuma ake ba, ban da doki da jaki. Lasa ake so su yi kaɗan-kaɗan, kada a jiƙa shi a ruwa, domin ure in ya yi yawa dafi ne.

Wanda ya san asarar dabbobin da aka yi a farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya san darajar irin wannan abinci. A Nijar ana noman rake a fadamun Matamai da Magarya, amma yawancinsa sha ake yi. Manyan masana'antun sukari suna maƙwabta: Numan a Nijeriya, Banfora a Burkina Faso, Dugabugu da Siribala a Mali, Banda kusa da Sar a Cadi. Maɗin da zai kai garken Tawa ko na Damagaram sai ya ƙetare iyaka. Duk ƙasar da ta ɗauke shi kayan laifi ta rufe ƙofarsa, ta rufe wa makiyayin Sahel ƙofa ke nan.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a sa ido kan metanol. Mai shigo da shi ya kasance yana da takardar izini. A rubuta kowane tano tun daga duwan har wurin da aka yi aiki da shi. A zuba masa launi da abu mai ɗaci tun kafin ya bar sito, yadda ba zai shiga kofi ba a gane ba. Masu shigo da metanol ƴan kaɗan ne, masu dafa barasa kuwa ba su ƙirguwa. Tsaron ƙofa ɗaya ya fi bin dubun ramuka sauƙi.

Na biyu, a san inda maɗi yake tafiya ba tare da an hana shi ba. Kowace masana'anta ta riƙe littafin masu saye. A ware wani kaso domin kiwo, a ba ƙungiyoyin makiyaya bisa farashi sananne. Mafi kyau ma a haɗa shi da gishiri da dussa tun a bakin masana'anta, ya fita a matsayin abincin dabba. Maɗin da ya zama dutsen lasa ya daina ba mai tano sha'awa, ya kuma fi sauƙin ɗauka a mota zuwa nesa.

Na uku, a shirya asibitoci. Dafin metanol yana da magani in an zo da wuri, akwai allura, akwai wankin jini. Ya kamata ma'aikacin lafiya na ƙauye ya san alamun. In mutum biyu ko uku suka zo rana ɗaya da ciwon ido da amai, a sanar da hukuma nan da nan, a yi shela kafin sauran tanon ya ƙare. A kuma karɓi marar lafiya ba tare da tozarci ba, domin kunya da tsoron jandarma su ne suke sa dangi su ɓoye shi a ɗaki har ya cika.

Na huɗu, a dubi masu sana'ar. A Kenya yawancinsu mata ne masu ciyar da ƴaƴa da biyan kuɗin makaranta. An sha fasa musu tano, su sayi wani washegari. Wanda aka raba da sana'a ba a ba shi wata ba, zai koma. Rance kaɗan da koyon wata sana'a sun fi samame goma aiki.

Wani zai ce wannan sassauci ne ga mashaya. Ba a musun cewa barasa ko babu metanol cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 2.6 suka mutu a 2019 sanadiyyar shan ta, kuma kamar kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka sha a duniya bai bi ta hannun hukuma ba. Yaƙi da wannan aiki ne na iyaye da malamai da likitoci, mai daɗewa ne. Amma mutumin da ake fatan ya tuba gobe, sai ya kwana da rai yau. Makanta da marayu ba sa cikin hukuncin da wata doka ta yanke wa mashayi.

Saboda haka, duk ma'aikacin da takardar hana maɗi ta zo gabansa, ya tambayi abu biyu kafin ya sa hannu: wane ne ya shigo da metanol, kuma me shanu za su lasa da rani? In ba a amsa waɗannan ba, an bar jaki ana dukan taiki, jakin kuwa yana nan yana ɓarna.