Fitilun Ado Na Aikin Hannu: Ina Rabon Masu Sana'ar Nijeriya?

Duk wanda ya shiga manyan otal-otal da ofisoshin bankuna a Legas ko Abuja zai ga dogayen fitilu a tsaye a kusurwar ɗaki, wasu kamar reshen itace, wasu kamar tulu. Waɗannan fitilu ba don haske kawai ake sayensu ba. Ado ne, kuma shaida ce ta matsayin mai wurin. Da yawansu daga waje ake shigo da su, da kuɗin musaya da suka ƙara tsada tun da aka saki darajar Naira a shekarar 2023. Ra'ayinmu shi ne, wannan kasuwa ce da ya kamata 'yan kasuwarmu su shiga a matsayin masu ƙerawa, ba dillalai kawai ba.

Abin da ya faru a garin Gifu na ƙasar Japan ya isa misali. A shekarar 1951, sana'ar yin fitilun takarda ta garin tana ja da baya, sai mai sassaƙa Isamu Noguchi ya ziyarce su. Bai sauya musu kayan aiki ba: takardar gargajiya ce da tsinken gora. Abin da ya kawo shi ne sabon fasali, da ƙwan lantarki a madadin kyandir, da siraran ƙafafu na ƙarfe, kuma fitilar tana naɗewa ta shiga kwali. Ya sa mata suna Akari. Fiye da shekara 70 ke nan ana yin ta da hannu a Gifu, ana sayar da ita a manyan biranen duniya da tsadar da ta ninka kuɗin takarda da gora nesa ba kusa ba.

Darasin tattalin arziki a nan a fili yake. Ribar irin wannan haja tana cikin fasali da suna da inganci. Kayan da aka yi ta da su kaso kaɗan ne na farashinta. A nan ne ake barinmu a baya. Muna da maƙeran tagulla a Bida, garin da hukumar UNESCO ta sa cikin biranen sana'ar hannu a shekarar 2021. Muna da dukawa da marina a Kano, da masu zanen ƙwarya, da masaƙan faifai, da magina tukwane magadan Ladi Kwali. Amma galibinsu abin da kakanni suka yi suke maimaitawa, suna sayarwa a farashin tsaraba.

Zamani kuma ya buɗe musu ƙofa. Ƙwan lantarki irin na da yana zafi ƙwarai, shi ya sa rufe shi da fata ko ciyawa ke da haɗari. Ƙwan LED zafinsa kaɗan ne, wutar da yake ci ma kaɗan ce. Saboda haka ƙwarya da kaba da fata mai huji sun zama kayan fitila. Masaƙan kwanduna na Bolgatanga a arewacin Gana sun riga sun haɗa gwiwa da wani mai tsara fasali ɗan Sifen, Alvaro Catalán de Ocón, suna saƙa fitilun da ake kaiwa Turai. A gida ma, Nifemi Marcus-Bello na Legas, wanda ya ci kyautar Hublot ta tsara fasali a 2022, ya nuna cewa aikin maƙeranmu na iya shiga kasuwar duniya.

Sai dai fitila ba kwando ba ce. Kayan lantarki ce. Idan waya ta yi rauni, ko gindi bai yi nauyin da zai hana ta faɗuwa ba, gobara na iya biyo baya. Tarayyar Turai ba ta karɓar kayan lantarki sai da tambarin CE, kuma ƙarfin wutar gidaje a Amurka bolt 120 ne, namu 230. Mai saye daga waje zai nemi guda 50 masu tsayi ɗaya, a ranar da aka yi alkawari. Wannan ya fi ƙarfin maƙeri shi kaɗai a rumfarsa.

Nan ne aikin mai jari. Shi zai haɗa mai tsara fasali da maƙeri da ma'aikacin lantarki, ya nemi shaidar inganci daga hukumar SON, ya tuntuɓi hukumar NEPC kan fitar da kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wajibi ne kuma a rubuta sunan mai sana'ar da garinsa a jikin kowace fitila, a ba shi kaso daga riba, domin wannan suna shi ne abin da masana'antun Sin ba za su iya kwaikwaya ba.

Ba sai an fara da Turai ba. Otal guda da ya ba maƙeran Bida kwangilar fitilun ɗakunansa zai samar da aikin watanni, ya rage neman dala, ya kuma zama wurin baje kolin da baƙi za su gani kowace rana.