KATUN: MALAMIN DA MUKA SAUKA A GIDA BA MU TAMBAYI AƘIDARSA BA

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu 'ya'ya amana, kuma zai tambaye mu a kansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, idan za a ɗauki sabon malami a Islamiyyar unguwa babu wanda ya kai mu bincike. Wa ya karantar da shi? Mece ce aƙidarsa? Yaya mu'amalarsa? To amma ga wani malami nan ya tare a ɗakunanmu, yana ba da darasi da safe kafin a tafi makaranta, da yamma bayan an taso, wani lokaci har ya cinye sallar Magariba, kuma ba a taɓa tambayarsa daga ina ya fito ba. Wannan malami shi ne katun, zanen nan mai motsi da 'ya'yanmu ke kallo a talabijin da wayar hannu. In aka yi magana sai maigida ya yi dariya ya ce, "Haba malam, wasan yara ne fa, kyanwa ce da ɓera." Wannan amsar ce muka zo rushewa.

Da farko, su wa ke yin sa, kuma don me? A farkon shekarun 1980, zamanin Shugaba Reagan, aka sassauta dokokin shirye-shiryen yara a Amurka, sai kamfanonin kayan wasa suka shiga harkar gadan-gadan. He-Man na 1983 hajar kamfanin Mattel yake tallatawa, Transformers na 1984 kuwa ta Hasbro. Wato shirin kansa shi ne tallar, yaron kuma shi ne kasuwar. Abin ya kai har majalisar Amurka ta yi doka a 1990, wadda ta sa aka taƙaita talla a shirin yara zuwa minti 12 cikin awa a ranakun aiki, da minti 10 da rabi a ƙarshen mako. A 2019 hukumomin Amurka suka ci Google da YouTube tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyayensu ba. Masu abin ba su ɗauke shi wasa ba, sai mu da aka kawo wa?

Na biyu, kuma shi ne mafi girma, aƙida. Mun shafe shekaru muna wa'azi a kan laya da guru da kambu, muna jan kunnen jama'a daga bori da zuwa wurin boka, muna cewa babu mai biyan buƙata sai Allah. Ashe abin da muka kora ta ƙofa ya dawo ta taga. A fim ɗin Aladdin na kamfanin Disney, wanda ya fito a 1992, goga fitila ake yi aljani ya fito ya biya buƙata. A Dragon Ball na Japan, ƙwallaye bakwai ake tarawa a kira wani dodo, ya ba da abin da aka roƙa, har ya ta da matacce. Yaron da ya karanta da rana cewa Allah kaɗai ke rayawa da kashewa, da dare sai ya ga dodo na rayawa, da launi da kiɗa da jarumin da yake so. Wane darasi ne zai fi zama a zuciyarsa? Kada kuma wani ya ruɗu don ya ji tashoshi irin su MBC3 da Spacetoon, waɗanda ake kamawa da tauraron ɗan'adam, suna magana da Larabci. Da yawa daga abin da suke nunawa fassara ce ta kayan Amurka da Japan. Canja wa giya kwalba ba ya mai da ita zam-zam.

Na uku, ɗabi'a. Tun 1940 William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro Tom and Jerry, kuma darasinsa ɗaya ne: a maƙe wani da guduma, ya baje, ya tashi garau, a yi dariya. Babu jini, babu nadama, babu neman gafara. A wasu shirye-shiryen kuwa uba ne wawan gida, yaro mai tsaurin ido shi ne gwarzo. Ku gwada wannan da wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa a Suratu Luƙman, inda ya fara da hana shirka, ya zo kan tsai da salla, ya ƙare da sassauta murya da tafiya cikin natsuwa. Yanzu ma an wuce nan: a 2022 Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashen Musulmi suka hana nuna fim ɗin Lightyear saboda sumba tsakanin mata biyu da aka sanya a ciki. Fim ɗin yara ke nan!

Har jiki bai tsira ba. A watan Disamba na 1997 aka kai ɗaruruwan yara asibiti a Japan, wasu da farfaɗiya, bayan wani kashi na Pokémon mai walƙiyar haske. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon kallo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. Kowa ya lissafa na gidansa.

Wani zai ce ai mu ma da tatsuniya muka tashi, kuma Gizo maƙaryaci ne. Gaskiya ne. Amma kaka ce ke bayarwa, tana kallon fuskar jikanta, tana tsayawa ta yi gyara, da dare kawai, kuma in ta gama sai ta rufe da faɗin cewa ƙarya ce ta shirya. Katun kuwa ba ya gajiya, ba ya jin kunya, bai san ɗanka ba, kuma a YouTube wani na ƙarewa wani ke farawa.

Saboda haka ba Bature muke tuhuma ba, shi kasuwarsa yake ci. Kanmu muke tuhuma: uban da ya sayo kwano da dikoda ya fice majalisa, da uwar da ke miƙa wa jariri waya don ya bar ta ta yi hira. Ingantaccen hadisi a Bukhari da Muslim ya nuna cewa kowane yaro a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyaye ne ke karkatar da shi, kuma aya ta 6 ta Suratut Tahrim kan wuyanmu ta ɗora tsare iyali daga wuta.

Ba mu ce a fasa talabijin a hana yaro wasa ba, domin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Annabi. Abin da muke kira gare shi shi ne: kada yaro ya kalli abin da babba bai fara kalla ba, a yanke lokaci, a kashe in an kira salla, a zauna tare da shi a tambaye shi abin da ya gani. Sannan masu hali su farka. Malesiya ta fito da Upin & Ipin a 2007, ta fara da koya wa yara azumin Ramadan. A Abuja Adamu Waziri ya yi Bino and Fino don 'ya'yan Afirka su ga kansu. Me zai hana mu yi namu da Hausa, malamai su duba shi kafin ya fita? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ba mu tanƙwara ba wani zai tanƙwara mana.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon sauke amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.